Ranar da Kaka Ta Wanke Bakan Gizo

Mu tsofaffi akwai wani ciwo da ke damunmu, ba na gwiwa ba, ba na baya ba, kuma asibiti ba su da maganinsa. Ciwon "na sani" ke nan. A layin da Kaka take zaune kuwa, ba wanda ciwon nan ya yi wa mugun kamu kamar ita.

Shekara talatin ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin gwajin jini na asibiti. Wanki ne kawai, sabulu da buroshi da ruwan zafi, amma in kuka ji tana ba da labari sai ku rantse ita ke gaya wa likitoci ciwon da ke jikin mutum. "Mu ma'aikatan kimiyya," da haka take buɗe magana, ko da zancen tsadar gawayi ake yi. Shi ya sa 'yan layin suka sa mata Farfesa. Su da tsokana suka sa, ita kuwa ta karɓa hannu bibbiyu.

Jikarta ɗaya ce a gabanta, wadda aka sa wa sunanta, don haka Takwara take ce mata. Ita ta raine ta tun tana rarrafe. Yarinyar ta yi karatu, ta zama malamar kimiyya a sakandaren da ke bakin titi. Kaka ba ta taɓa shakkar inda ƙwaƙwalwar ta fito ba.

Shekara biyu Takwara tana zarya jami'a tana roƙon a ba makarantarsu aron madubin hangen taurari. Madubin ɗaya ne, makarantu biyu ke nemansa, tasu da ta tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. A ƙarshe aka ce to, a fara gwada su. Ranar Asabar wata Dokta za ta zo daga jami'a. In suka nuna mata sun iya aiki da shi, ya zauna. In suka kasa, ya tsallaka titi.

Wata yamma sai ga Takwara ta shigo gida rungume da wani baƙin akwatin katako, da wani ɗan ƙaramin akwati, saboda rufin ɗakin ajiyar makaranta yana yoyo. Baƙin akwatin ita da ɗalibanta suka ƙera, wata da watanni suna fama, a gindin madubin ake ɗaura shi. Ta buɗe ƙaramin. Gilasai uku ne a kwance cikin soso, kowanne bai fi kwalin ashana ba. Da hasken taga ya faɗa musu sai ga ja da kore da shuɗi suna wasa a kai.

Kaka ta miƙa hannu. Takwara ta cafke shi a iska.

"Kaka, ba a taɓawa."

"Ni za ki gaya wa gilashi? Tun uwarki ba ta san hannun damanta ba nake riƙe gilashi."

"Wannan daban ne. Kin ga yadda kike taje gashi ya rabu sili-sili? To wannan mataji ne, amma haske yake tajewa. Layuka ne ƙanana aka tsaga a kansa, ido ba ya ganinsu. Hasken tauraro ya shigo akwatin nan fari, ya faɗa kansa, sai ya bazu kamar bakan gizo. A cikin launukan akwai wasu baƙaƙen zane, su ke gaya mana abin da ke cikin tauraron."

"Gwajin jini ke nan za ku yi wa tauraro."

"Kusan haka."

"To ai aikina ne."

Takwara ta yi dariya ta ci gaba. Na farko layi ɗari uku ne a wurin da bai fi kaurin farce ba. Na biyu ɗari shida. Na uku dubu ɗaya da ɗari takwas. Jami'a ta ba su ukun ne su zaɓi wanda ya dace da madubin, zaɓin ma yana cikin jarrabawar.

"Har wani zaɓi ne? Mai dubu," in ji Kaka. "Mataji mai manyan haƙora na ragwaye ne. In kina son kama ƙwarƙwata, mai ƙananan haƙora kike ɗauka."

"Kaka, madubinmu ƙarami ne, hasken da yake kamowa ɗan kaɗan ne. Mai dubu zai baza shi ya yi faɗi har ya ɓace. Kamar ki jefa ƙwayar shuni ɗaya a babban baho, me za ki gani? Na tsakiya zan sa, don shi na auna akwatin."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau madubin jami'a ba zai hango ba."

"Na ji. Amma don Allah, ba taɓawa, ba hurawa, ba gogewa. Ko ƙura kika gani ki bar ta."

Gilashin da ba a wankewa! Kaka ta riƙe haɓa. Lallai duniya ta lalace, ƙazanta ta shiga jami'a.

Washegari aka tura Takwara wani gari duba takardun jarrabawa, ba za ta dawo ba sai Asabar da rana. Ta kulle akwatunan a kabad, ta tafi da makullin. Ta manta cewa duk abin da ke da makulli a gidan nan, ɗan'uwansa yana ɗaure a bakin zanin Kaka.

Ita Kaka ba ta yi niyyar buɗewa ba, wannan a shaide ta. Labari kawai ta je bayarwa a shagon kwanar layi, cewa jami'a ta aiko da kaya a zaɓa, kuma da yake yarinyar ba ta nan, an bar zaɓin a hannun manya. Sai aka yi rashin sa'a Maman 'Yan Biyu tana wurin. Maƙwabciya ce, katanga ɗaya, shekara da shekaru suna gaisawa da safe suna sa-in-sa da rana. 'Yan biyunta kuma a makarantar tsallake suka yi karatu.

"Yaya, jami'a fa kika ce? Ko dai jam'iyyar masu wanke-wanke?"

"Ki zo ki gani, gani ya kori ji."

Kafin Kaka ta ajiye mayafi, tsakar gidanta ya cika. Maman 'Yan Biyu a gaba, Kafinta, mai shagon katako a layin, ya bar aikinsa ya shigo da fensir a kunne, mata suna leƙe ta kafaɗar juna. Kaka ta buɗe ɗan akwatin a rana. Launuka suka tashi. Aka yi ta salati.

"Kowa ya ja baya," in ji ta. "Ba taɓawa, ba hurawa. Wannan ɗari uku, na ragwaye. Wannan mai dubu, shi na zaɓa. Wannan kuwa," ta ɗora yatsa a kan na tsakiya, ta danna don a gane, "shi yarinyar take so, don yarinta."

Da ta ɗaga yatsan sai ga hotonsa ɓaro-ɓaro. Da safen nan ta shafa wa gwiwarta man zafi.

"Yaya, kin dangwala musu kamar ranar zaɓe," in ji Maman 'Yan Biyu.

Kaka ko a fuska ba ta nuna ba. Mene ne tabon mai a wurin wadda ta wanke jinin gari guda? Ta sa aka ɗora ruwa. Ta ɗauko garin sabulu da tsohon buroshinta na asibiti, wanda ta yi ritaya da shi. Ta zauna a kujera 'yar tsugune, ta nuna wa jama'a yadda ake aiki: a jiƙa, a cuɗa, a juya, a sake cuɗawa, a ɗauraye har ya yi ƙara a ƙarƙashin yatsa. Ta goge da tawul ta ɗaga shi sama.

Tabon ya fita fes. Bakan gizon ma ya fita.

"Ina launin?" in ji Kafinta.

Kaka ta juya gilashin dama, ta juya hagu. Ba ja, ba kore. Dusu-dusu kawai, kamar idon mataccen kifi.

"Bai bushe ba ne."

Aka shanya shi a kan katanga, aka zauna jira kamar masu jiran haihuwa. Ya bushe ƙamas. Launi dai ya ce ba da shi ba.

"Garin neman gira," Maman 'Yan Biyu ta fara.

"Ki rufe min baki. A kimiyya in abu ya faru, ba kuka ake yi ba, dalili ake nema. Ruwan ne ya yi zafi da yawa. Yanzu za mu tabbatar."

Ta ɗauko mai ɗari uku. Kafinta ya ce, "Mama, anya kuwa?" amma shi ya miƙo mata bokitin. Wannan karon ruwan sanyi ta sa, sabulu kaɗan, ta rage ƙarfin hannu. Ta goge, ta ɗaga.

Ya bi ɗan'uwansa.

Kaka ta dubi gilasai biyu a tafin hannunta. Wata murya a cikinta ta ce, tsohuwa, kin kashe kanki. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

"To kun gani," in ji ta. "Ba ruwan zafi ba ne. An gano. Kuma dama waɗannan biyun ba su za a sa ba. Zaɓi ya zo da sauƙi."

Da la'asar wayarta ta yi ƙara. Takwara ce.

"Kaka, kayan suna nan lafiya?"

"Suna nan. Ke dai ki yi aikinki."

"Muryarki wani iri."

"Mura ce."

Da ta ajiye wayar ta ƙudurta abu ɗaya: kafin yarinyar nan ta dawo, za ta tarar da akwati yana aiki da mai dubu, aikin da zai sa Dokta ta manta an taɓa yin wasu gilasai biyu a duniya.

Da safe ta aika aka kira Kafinta. Shi mutum ne da bakinsa ke cewa a'a hannunsa na ɗauko guduma. Suka buɗe murfin baƙin akwatin, Kaka ta riƙe mai dubu ta gefe da tsumma kamar garwashi, suka zaunar da shi a gurbinsa. Kafinta ya haska tocila ta gaba. Kaka ta sa ido a ƙofar leƙen da Takwara ta yi.

"Haska mana."

"Na haska, Mama."

"Batirinka ya mutu."

"Sabo ne."

Duhu ƙirin. Sai da suka ɗaga murfi suka leƙa ta sama, sannan Kafinta ya hango abin. Ga ɗan launi can a jikin bangon akwatin, nesa da ƙofar leƙe. Ashe mai layuka da yawa can gefe yake watsa haskensa.

"Ka gani? Yarinyar ta yi ƙofa a inda ba hanya. Huda nan."

"Mama, aikin Malama ne fa."

"Ni na haifi uwar Malama. Huda."

Ya huda. Kaka ta leƙa, ta yi guɗa. Kore! Kore shar, har cikin ido. Mata suka fara shigowa.

"To ina ja?" in ji Maman 'Yan Biyu, da ta leƙa. "Jiya da ja na gani. Ko shi ma an wanke?"

Aka nemi ja, aka same shi can gaba. Aka huda masa. Shuɗi yana can baya, aka huda masa. Ruwan ɗorawa ya faɗo tsakanin huda biyu, aka yi masa tasa. Wata hudar aka yi kuskure, aka yi wata kusa da ita. Duk lokacin da injin Kafinta ya girgiza akwatin sai gilashin ya ɗan gusa, launukan su yi ƙaura, a bi su da sabuwar huda. Kafin rana ta take, gefen akwatin ya koma rariya.

Sai kuma wata matsala ta ɓullo. Launin ya dushe, don haske yana shiga ta ko'ina. Kaka ta kwaso safunan marigayi mijinta da ta adana a ƙasan adaka, ta toshe kowace huda da ɗaya. Mai son ganin ja ya zare mai ratsi, mai son shuɗi ya zare ruwan toka.

"Allah ya ji ƙan mai safa," in ji Maman 'Yan Biyu. "Bai taɓa zaton ƙafarsa za ta kai jami'a ba."

Har yanzu hasken bai gamsar da Kaka ba. Ta tuna maganar shuni da baho, ta ce to ai sai a ƙara shuni. Ta duba gaban akwatin inda haske ke shiga, sai ta ga reza biyu an manna su baki da baki, tsakaninsu 'yar tsaga kamar silin gashi.

"Kai! Ta nan ake so hasken tauraro ya shiga? Ya taho tun daga sama, ya gaji, a ce ya matse ta nan? Kuma reza, a wurin da yara suke? Cire."

"Mama, ina jin da dalili aka..."

"Dalilin rowa. Cire, ka faɗaɗa."

Ya cire, ya faɗaɗa, har babban yatsa yana shiga yana juyawa.

Abu na ƙarshe da ya tsaya mata a rai shi ne cikin akwatin. Baƙi wuluk, kamar gindin tukunya. A asibiti ba ta taɓa ganin ɗakin gwaji baƙi ba. Wane haske ne zai yarda ya zauna a ɗaki mai duhu? Kafinta yana da ragowar farin fenti mai sheƙi. Wannan karon, don ta koyi darasi, sai da ta cire gilashin ta ajiye gefe, sannan ta shafe ciki da hannunta, shafi biyu.

Da ya bushe suka mayar, suka haska tocila. Akwatin ya ɗauki haske gaba ɗaya kamar fitilar kanti. Launi kam sai an ƙura ido, amma haske, ai ba a magana.

"Tocila ce shi ya sa," in ji Kaka. "Ku bari ya ga tauraro."

Asabar da rana Takwara ta bugo. Motarsu ta lalace a hanya, suna zaune a gindin bishiya ana neman makanike. Ta roƙi Kaka alfarma. A sa wani ya ɓalle kabad ya kai akwatunan makaranta, ɗalibai sun san yadda ake ɗaurawa, na tsakiya za a sa.

"Kwantar da hankalinki, an riga an sa," in ji Kaka. Ba ta faɗi wanne ba, ba a kuma tambaye ta ba.

Ta yi wanka, ta ɗauko farar rigar aikinta ta asibiti, wadda maɓallanta suka daina gaisawa da juna tun tuni, ta ɗora a kan kayanta. Kafinta ya ɗauki akwatin lulluɓe da zanin gado. 'Yan layi suka bi su a baya kamar rakiya.

A filin makaranta Hedimasta ya sa an jera kujeru. Iyaye sun zo. Madubin yana tsaye a kan ƙafafunsa uku, ya ɗaga baki sama. Can gefe malamin kimiyyar makarantar tsallake ya harɗe hannu yana murmushin da ba a gayyace shi ba. Dokta kuwa wata 'yar siririyar mata ce mai tabarau, ba ta da yawan magana.

Rana ta faɗi. Kaka ta yaye zanin gado.

Ɗaliban da suka ƙera akwatin suka yi cirko-cirko. Wata ta dafe kai. Safuna sun yi tsiri-tsiri a gefensa kamar kunnuwan zomaye.

"Ku ɗaura mana, kun tsaya kallo," in ji Kaka. Suka ɗaura, don ba a yi musu tarbiyyar musu da tsofaffi ba. Suka juya madubin ya fuskanci wani tauraro mai haske da ya fara fitowa.

Dokta ta zagaya akwatin a hankali. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Mama, sannu da ƙoƙari. Wa ya yi wannan aikin?"

"Yarinyar ta fara, ni na gyara. Abokiyar aikinki ce ni, shekara talatin a ɗakin gwaji."

"Wane gilashi aka zaɓa?"

"Mai dubu da ɗari takwas. Mu ba ma harkar ƙananan kaya."

"A wannan madubin?" Dokta ta dubi madubin, ta dubi akwatin. "To ta ina ake leƙawa?"

"Ya danganta da launin da kike so. Ja yana ƙarƙashin mai ratsi."

Dokta ta kama safar da yatsa biyu ta zare. Ta sunkuya. Ta daɗe a sunkuye. Ta ɗago ta dubi Hedimasta.

Hedimasta ya ga abin yana neman lalacewa, ya yi gyaran murya ya karɓi wuri. Ya leƙa ta wannan, ya leƙa ta waccan.

"E to... ina ganin kamar akwai wani abu. Wani ɗan... duhu mai ma'ana."

"Ku matsa, idanunku na boko ne," in ji Kaka. Ta zare ruwan toka ta manna ido. Ba komai. Ta zare wata. Ba komai. Ta yi ta zarewa tana jefarwa har safuna suka taru a gindin madubin. Tauraron nan yana sama yana ƙyalli, kowa yana ganinsa da idon da Allah ya ba shi, amma a cikin akwati ko ƙyas.

"Wannan tauraron ba shi da jini," in ji ta. "A juya a kamo wani."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Maman 'Yan Biyu ta kutsa, wai ita ma sai ta ga rabonta. Tana sa ido ta ƙwalla ƙara ta yi baya.

"Wayyo Allah! Yana da ido! Wallahi tauraron yana da ido, har ya ƙifta min!"

Jama'a suka miƙe. Sai ga Kafinta ya ɗago daga ɗaya gefen, tocila a hannu. Ashe ya ɗan ɗaga murfi ne yana neman inda launin ya gudu.

"Ni ne, Maman 'Yan Biyu."

Filin ya ɓarke. Wani uba ya faɗo daga kujera. Malamin tsallake ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Dokta ta buɗe murfin gaba ɗaya, farin fenti ya yi mata sallama. Ta sa yatsa a ƙofar gaba, ya shige har gindi.

"Mama, ina rezojin da ke nan?"

"Na cire. Tsaro."

"Fentin fa?"

"Tsafta."

"To sauran gilasan biyu? In suna kusa, ko a hannu sai mu gwada wa yara da fitila, kada su tafi haka."

Nan ne Kaka ta san asirinta ya tonu. Amma mai rawa ba ya fasawa don ganga ta fashe. Ta zaro farin tawul daga aljihun rigar, ta warware, ta miƙa da hannu biyu. Dokta ta haska su da tocilar Kafinta. Ta juya. Ta sake juyawa.

"Me ya same su?"

"Na farko ruwan zafi. Na biyu ruwan sanyi. Sakamako iri ɗaya. Kina iya rubutawa, ba sai kun sake gwadawa ba."

Dokta ta toshe baki da bayan hannu. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi ƙoƙari, amma dariyar ta fi ƙarfinta, har hawaye suna bin ƙarƙashin tabarau.

Ana cikin haka mutane suka dare. Takwara ce, jaka a kafaɗa, ƙafa duk ƙura, tana haki. Ta dubi safunan kakanta a ƙasa. Ta dubi akwatin da ta yi watanni tana aunawa. Ta dubi gilasai biyu a hannun Dokta. Dariyar filin ta mutu da kanta.

Kaka ta shirya wa ihu. Da ihu aka yi mata, tana da amsa, ai ba a taɓa kayar da ita a baki ba. Amma yarinyar ta shafa gefen akwatin ne kawai, huda bayan huda, ta ce a hankali, "Kaka, har da fenti."

Rigar asibitin nan ta yi wa Kaka nauyi kamar an jiƙa ta.

Dokta ta share ido ta dafa kafaɗar Takwara. Ta ce ta ga alamar aikin asali mai kyau ne, amma ita abin da ta tarar za ta faɗa. Bana madubi zai tsallaka. Baɗi a sake nema, da sabon akwati, da kabad mai makulli ɗaya.

Ko mota ba a nema ba. Ɗaliban tsallake suka zo suka ɗaga shi a kafaɗa, aka tsayar da motoci, ya haye titi a gaban kowa, bakinsa a sama kamar shi ma yana jin kunyar kallon mutane.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama kamar ɗakin jiran likita. Takwara ba ta yi faɗa ba, ba ta yi gaba ba. Ta gaishe ta da safe, ta ci abin da aka dafa, ta ce "na gode" kamar baƙuwa. Wannan "na gode" ta fi mari ciwo. Kaka ta ce wa 'yan layi kada wanda ya ƙara kiranta Farfesa. Tun daga ranar har masu tallan da ba su san ta ba suka koya. Maman 'Yan Biyu kuwa in za ta shanya madubin ɗakinta sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, wannan mun fi son sa da dattinsa."

In ta zauna ita kaɗai sai ta buɗe tafukan hannunta ta harare su. "Ku ne. Shekara talatin ba ku fasa kwalba ɗaya ba, sai da kuka tsufa kuka wanke wa yarinya shekara biyu a bokiti."

Wata yamma ta kasa daurewa. Ta shiga ɗakin Takwara, ta same ta tana zana sabon akwati a takarda. Ta zauna a bakin gado, gwiwa na ƙara.

"Takwara."

"Na'am, Kaka."

"Ki zage ni mana, ko na samu barci."

"Wa ke zagin kakarsa?"

"To ki ce min tsohuwar banza. Ni na ba ki izini. Ni ma na faɗa wa kaina, amma a bakina ba ta da daɗi."

Takwara ba ta ɗago ba, sai dai gefen bakinta ya motsa.

"Na ɓata miki, uwata. Ban san komai ba a kan abin nan, ko ƙwayar zarra. Ki faɗi abin da zan yi in gyara. Ko mene ne. Amma kada ki ce in zauna kawai, kin san ba zan iya ba."

Takwara ta ajiye fensir. Ta daɗe tana kallon tsohuwar, idonta ya kawo ruwa, kuma dariya na cinta.

"Akwai abu ɗaya."

"Faɗi."

"Na ji an aiko wa 'yan tsallake sababbin gilasai. In da gaske kina son madubin nan ya dawo mana, Kaka, ki je ki taimaka musu."

Kaka ta gane sarai an zage ta, zagi mai kyau kuwa, irin wanda ita ma za ta so a ce daga bakinta ya fito. Dariya ta kama su tare, har tsohuwar tana tari yarinyar na bubbuga mata baya.

Da ta samu numfashi ta share ido da bakin zani, ta gyara ɗaurin kallabi.

"Ƙarfe nawa suke buɗewa?"